Yadda Ake Gina Ƙauyen Hafilin da Al'adunsa a Labarin Almara

Hafilin gajerun mutane ne na labaran almarar Turawa da wasanninsu. Tsawonsu rabin na mutum ne, noma suke yi, suna son gida da girki da zumunci, ba su da kwaɗayin sarauta ko ƙasar wani. Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai gina duniyar almara mai jinsuna iri-iri, ko yake jagorantar wasan tebur irin Dungeons & Dragons, ko ba jima ko ba daɗe sai ya biyo ta ƙauyensu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne riƙon sakainar kashin da ake yi musu. A ba su tumbi da fara'a da tukunya a kan murhu, jarumi ya kwana ɗaya ya wuce, shi ke nan. Alhali mutanen da dinya za ta iya kora da gudu, amma suka zauna ɗaruruwan shekaru a tsakiyar dogaye, wato 'yan Adam, ba a share su ba, lalle akwai abin da ya riƙe su. Al'adarsu ce ta riƙe su, kuma kowace al'ada tushenta yana jikinsu, ko gonarsu, ko yanayin ƙasarsu.

Ka san inda suka fito tukuna. Marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ne ya fito da irin waɗannan mutane a littafinsa na 1937 da sunan hobit, kuma shi da kansa ya ce ƙauyen tsakiyar Ingila na wajajen 1897 ya kwaikwaya. Ya yi wani ɓangare na yarintarsa a Sarehole, ɗan ƙauye mai injin niƙa na ruwa kusa da Bamingam. Wasan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974 ya fara da wancan suna, sai a 1977 masu haƙƙin mallaka suka yi barazanar zuwa kotu, aka koma hafilin. Saboda haka ka bar wa Tolkien sunansa da taswirarsa da al'adun da ya ƙirƙira, ka je rijiyar da ya ɗebo, wato ƙauyen Ingila na da, ka ɗebo naka. Kada kuma ka kira su wadanni. Wada ɗan Adam ne kamar kowa, hafilin kuwa jinsi ne na ƙage.

Mataki na farko: auna jikinsu

Rubuta lamba biyu a takarda: tsawo santimita 90, nauyi kilo 18. Kusan ma'aunin da littafin dokokin wasan na 2014 ya bayar ke nan, kuma ya isa a yi aiki da shi. Sai ka ari tef ɗin tela, ka auna santimita 90 a jikin bango ka yi alama, ka durƙusa har idonka ya sauka ƙasa da alamar, ka dubi ɗakin da kyau. Dubi inda mariƙin ƙofa yake, da bakin randa, da tsawon matakala ɗaya. Daga wannan tsayi za ka riƙa rubuta duk abin da ya shafe su.

Yanzu ciki. Tun 1932 masanin ilimin halittu Max Kleiber ya nuna cewa buƙatar abinci ba ta raguwa daidai da yadda nauyi ke raguwa. Mai kilo 18 nauyinsa kashi ɗaya bisa huɗu ne na mai kilo 70, amma abincin da jikinsa ke nema ya kai ɗaya bisa uku, har ya ɗan haura. Ƙaramin jiki sanyi ya fi saurin ratsa shi, ga tumbi ƙarami da ba ya ɗaukar da yawa a zama ɗaya. Shi ya sa suke ci sau biyar ko shida a yini. Ba haɗama ba ce, larura ce, kuma in ka fahimci haka rabin al'adarsu ta fito da kanta. Mutumin da yunwar yini biyu ke kayarwa ba ya wasa da ɗakin ajiya. Hana matafiyi abinci a wurinsu ya kusa kisan kai. Uwar da ta bar ɗa ya fita ba guzuri a aljihu za ta sha magana a bakin rijiya.

Sai dabbobi. Hafilin ba zai riƙe garma a bayan manyan shanun huɗa ba. Ba shi kuru irin na tsibiran Shetland, wanda tsawonsa a kafaɗa ba ya wuce santimita 107, da gajerun shanu irin Dexter na ƙasar Ailan, masu kusan mita ɗaya. Ko waɗannan ɗin sun fi shi tsawo, don haka da lallashi da waƙa da sabo yake sarrafa su, ba da ƙarfi ba. Tunkiya babbar dabba ce a gare shi, askin gashinta aikin mutum uku ne. Kare in ya haukace annoba ne. Dila da mikiya suna iya ɗauke masa jariri. Rafin da ke kai wa dogo gwiwa shi a ƙugu yake kama shi, in ruwa ya ƙaru ya shanye shi, saboda haka ka ba su tsoron ruwa da girmama mai gyaran gada.

Abin da na fi so a wannan lissafi shi ne alkama. Kafin gajerun iri su bazu a shekarun 1960, alkamar da tana wuce mita ɗaya, wata har ƙirjin babban mutum. Ke nan hafilin yana shiga gonar alkama ne yadda muke shiga gonar dawa gab da kaka, ba ya ganin na gabansa, sai dai ya ji motsi. Riƙe wannan, za mu yi aiki da shi a gaba.

Mataki na biyu: ƙasa da sama

Nan ne marubucin da ya tashi a ƙasar damina da rani zai fi yin tuntuɓe. A ƙauyen Ingila ruwan sama ba shi da wata, yana iya sauka kowane lokaci a shekara. Manomin can ba fari ne babban abin tsoronsa ba, ruwa ne a lokacin girbi, wanda ke ruɓar da ingirici ya sa hatsi ya tsira a kan zangarniya. Kada hafilin ɗinka ya riƙa duban gabas yana fatan hadari a watan Agusta. Fatan rana yake yi.

Tsawon yini ma daban ne. A tsakiyar Ingila yinin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika awa 8 ba. Ciyawa tana daina tsiro in hunturu ya shiga, itatuwa su zubar da ganye, wani lokaci dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Wata uku na dogon dare su ne lokacin saƙa da tatsuniya da ƙulla aure da tsegumi.

Zana taswira ko da ba ka iya zane ba. Abu shida suka wajaba: tudu, rafi, injin niƙa a bakin rafin, makiyayar gari da kowa ke da haƙƙi a cikinta, kurmi na itacen wuta da naman kaza, sai hanya ɗaya da ta fita zuwa ƙasar dogaye. Injin niƙan nan kada ka raina shi. Ƙidayar ƙasa da Sarki Wilyam ya sa aka yi a 1086 ta lissafa sama da 5,000 a Ingila, kuma mai niƙa kaso yake cira daga hatsin da aka kawo masa. Kowa na buƙatarsa, kowa na zarginsa da tauye mudu. Ga mutum ɗaya ka samu a labarinka tun ba ka fara ba.

Mataki na uku: haƙa gida

An san su da zama cikin tudu, kuma akwai hujja. Ƙasa in an nutsa 'yan mitoci zafinta ba ya canzawa sosai rani da hunturu, a Ingila yana tsayawa wajen digiri 10. Ga mai jin sanyi da sauri wannan rahama ce, ga cuku da tuffa da man shanu kuma ma'aji ne na kyauta. Mutane ma sun yi irin zaman nan: a Kinver Edge da ke yankin Staffordshire akwai gidaje da aka sassaƙa cikin jan dutse mai taushi, an zauna a cikinsu har shekarun 1960.

Ga ƙa'idodin haƙa. Ƙofa ta kalli kudu, don a ƙasashen arewa ta can rana ke bi da hunturu. A haƙa sama da inda idon ruwa ke ɓullowa, a dutse mai taushi ko ƙasa mai ƙarfi, ba a laka ta kwari ba. Rufi ya zama ginin baka, shi ne ke ɗaukar nauyin ƙasa. Daɓe ya ɗan gangaro zuwa ƙofa, da kwata a gefe. Kowane murhu da bututun hayaƙinsa da ya huda tudu, wanda ke nufin yaran da ke kiwo a sama sun san abin da kowane gida ya ɗora.

Daga nan darajar gidaje za ta fito ba sai ka ƙago ta ba. Taga ta gefe ɗaya kawai take samuwa, to wa ke kwana a ɗakin haske, kaka ko amarya? Waɗanda suka fara zama sun kama saman tudu inda ya bushe, 'yan baya suna ƙasa suna fama da laima da tari. Wanda bai sami tudu ba ya gina gajeren ɗaki ya lulluɓe shi da ƙasa da ciyawa, a riƙa yi masa kallon bai cika ɗan gari ba. Maƙwabci in ya haƙa ɗaki ya kutsa ƙarƙashin naka, rigimar iyaka ce da ido ba ya gani, kuma jikoki za su gaje ta.

Mataki na huɗu: shekarar manomi

Tsarin da ya daɗe a tsakiyar Ingila shi ne a raba gonakin gari fili uku. Ɗaya alkama da ake shukawa a Oktoba, ɗaya sha'ir da wake da ake shukawa wajen Maris, na uku a bar shi saura dabbobi su yi kiwo su zuba taki. Shekara ta zagayo a juya. Kowane gida yana da kunyoyinsa a warwatse cikin filayen, tsakanin na maƙwabta, don haka ba wanda ke huɗa ko girbi ranar da ya ga dama. Sai gari ya yarda. Wannan tsari ya dace da hafilin ƙwarai, domin aikin da dogo ɗaya zai yi su sai da gayya.

Jera watannin a gefen taswirarka. Litinin ta farko bayan 6 ga Janairu ake komawa kan garma. Fabrairu da Maris tumaki ke haihuwa. Yuni askin tumaki da yankan ingirici, wanda shi ne zai yanke hukuncin dabba nawa za su ga ƙarshen hunturu. Yuli watan yunwa ne, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Ranar 1 ga Agusta ake gasa burodin farko da sabuwar alkama, sai girbi ya kankama. Ranar 29 ga Satumba ake biyan kuɗin haya a ɗauki barori na shekara. Oktoba tuffa. Wajen 11 ga Nuwamba ake yanka dabbobin da ingirici ba zai ishe su ba, a barbaɗe naman da gishiri. Bayan girbi talakawa da gwauraye mata suna da haƙƙin kala, har a wasu ƙauyuka ƙararrawa ake kaɗawa kafin a shiga, don kada mai ƙafa ta riga mai goyo. Ka sauya sunayen watanni da na bukukuwa zuwa na duniyarka, amma ka bar jerin yadda yake.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Gaskiyar ƙauyen Ingila na da ita ce alade da giyar sha'ir da ta tuffa suna tsakiyar abincinsu. Kana da ikon cire su, duniyarka ce. Sai dai in ka cire alade ka cire musu kitsen hunturu, dole ka maye gurbinsa da man shanu da cuku da kitsen dinya. Hakan na nufin ƙarin shanu, ƙarin ingirici, da ƙarin faɗa a kan fadama. Ka bi sawun canjin har ƙarshe.

Mataki na biyar: ƙirƙiro al'ada

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace al'ada ka yi mata tambaya huɗu: wane haɗari ta zo karewa, me ake yi da hannu, me ake faɗa da baki, kuma me ke samun wanda ya ƙi. In ba ta da amsar ta farko ado ce kawai, in ba ta da ta ƙarshe mai karatu ba zai damu da ita ba.

Duba na gaske tukuna. A Ingila akwai al'adar zagaya iyakar gari sau ɗaya a shekara, manya da yara, ana dukan duwatsun iyaka da tsumagiya, har a ɗaga yaro a ɗan gwara shi da dutsen. A zamanin da ba taswira, yaron nan shi ne takardar shaida ta shekara 60 masu zuwa. Akwai al'adar gaya wa ƙudan zuma: in mai gida ya mutu sai a je a ƙwanƙwasa amya a sanar da su, in ba haka ba an yi imani za su gudu ko su mutu. Akwai saƙa 'yar tsana da damin ƙarshe na girbi a ajiye ta har shuka ta zagayo. A yankin Somerset kuwa, cikin Janairu ake shiga garkar tuffa da dare ana waƙa ana kaɗa tukwane, don itatuwa su yi 'ya'ya. Kowace ɗaya tana zaune ne a kan wani abu da ake tsoron rasawa.

Yanzu mu gina tamu da alkamar nan mai tsawo. Haɗari: yaro ko tsoho ya ɓace cikin gona, dare ya yi, dila na yawo. Abin yi: duk mai shiga girbi yana ɗaura ƙaramar ƙararrawa a ƙafa, kuma yana yin ƙulli ɗaya a wata doguwar igiya da ke rataye a ƙofar shinge. In ya fito ya kwance ƙullinsa da hannunsa. Tsohuwa mafi shekaru ke riƙe da igiyar, kuma ba mai kai loma baki da yamma sai ta shafa ta daga kai zuwa gindi ta ji ba ƙulli. Ga yadda zai fito a shafi:

Rana ta faɗi, an jera akusa a kan ciyawa, miyar wake tana tururi. Tsohuwa ta bi igiya da yatsu, sai ta tsaya.

"Ƙullin wa ya rage?"

"Na autan gidan mai niƙa ne, Kaka."

"To kowa ya ajiye cokali. Kai, kawunsa, ɗauki fitila. Ku kuma ku yi mini shiru a ji ƙararrawa."

Uban yaron ya miƙe yana rawar jiki. "Iya, bari in shiga."

"Zauna, ɗan nan. Mai firgici tattake hatsi yake yi."

Aka sami yaron yana barci tsakanin dami biyu, ƙararrawa a hannu don ta dame shi da kuka ya cire. Miya ta riga ta huce. Ba a dake shi ba, amma washegari ubansa ne ya yini yana jido wa masu girbi ruwa, injinsa a tsaye.

Lura da abin da wannan al'ada guda ta haifar. Ta ba tsohuwa iko a kan mai kuɗin gari. Ta nuna cewa mutanen da ba sa jure yunwa sun yarda su jure ta saboda ɗan wani. Ta ba ka salon magana, domin wanda ya bar gari bai dawo ba za a ce ƙullinsa na nan. Al'adu uku ko huɗu masu irin wannan saiwa sun fi ashirin da aka jera kamar kayan talla. Maganar abin bauta kuwa ba dole ba ce. Kana iya barinsu da camfi da gaisuwar kakanni da bukukuwan gona, labari ya tafi lafiya.

Mataki na shida: gado, aure, kabari

Dokokin wasan na 2014 sun ce hafilin yana balaga a shekara 20, ya rayu har wajen 150. Yi lissafin abin da wannan ke yi wa gado. Uba mai shekara 120 yana nan daram da makullin ɗakin ajiya, ɗansa mai 90 har yanzu sai ya nemi izini kafin ya sayar da tunkiya. Zuriya biyar ko shida a tudu ɗaya. Fara'ar da ake gani a fuskarsu tana rufe da haƙuri mai yawa, kuma marubuci nagari zai leƙa ƙarƙashinta.

Zaɓi tsarin gado guda. Ingila ta san uku: a yawancin wurare babban ɗa ke cinye ƙasa, a yankin Kent raba ta ake yi tsakanin 'ya'ya maza har dokar 1925 ta soke hakan, a wasu garuruwa kuma auta ke gada. Na ukun ya fi dacewa da masu dogon rai a ganina, don lokacin da tsoho zai mutu manyan 'ya'yansa sun riga sun tsufa. Ko wanne ka ɗauka, akwai waɗanda za su tashi a tutar babu. Daga cikinsu ake samun masu kwalekwalen fito, da 'yan koli, da masu dafa wa dogaye abinci a masauki, da wanda zai bi jarumi yawon duniya. Hafilin ba ya barin gida don sha'awar kasada, sai in tudu ya yi masa kaɗan.

Aure ka ɗaure shi da haƙa. Ba a ɗaura shi sai ango da abokansa sun haƙa ɗaki, dangin amarya sun zo da tsohon mahaƙi ya ƙwanƙwasa rufi ya shinshina laima. Abin da amarya za ta shigo da shi ya zama mai rai da amfani: amya ɗaya ta zuma, tsiron tuffa daga garkar uwarta, ɗan curin ƙullun burodi mai tsami da gidansu ke rayawa tun kakanni. Kada ka kwaso lefe da kamu da buɗar kai ka jibga musu. Namu ne, sun tsiro daga tamu ƙasa, a jikinsu aro za su zama.

Sai tambayar da ba kasafai ake yi ba: mutanen da ke kwana cikin ƙasa, ina suke binne matattu? Ba za su so kabari ya yi kama da ɗakin kwana ba, ko kuwa akasin haka, su toshe ɗakin mamaci da shi a ciki su haƙa sabo? Ko su kai shi garka su dasa itace a kansa, a riƙa kiran itacen da sunansa? Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Mataki na bakwai: wa ke da ta cewa

Ba sarki, ba dogarai. Amma ƙauyen Ingila na da yana da ƙananan muƙamai da za su yi maka amfani: mai tsaron shinge da ke hana dabbobi shiga shuka, da mai garken kamu da ke tsare dabbar da ta yi ɓarna sai mai ita ya biya tara. Ƙara mai gyaran gada, da mai riƙe igiya, da mai makullin rumbun gari. A zaɓe su a bikin girbi, a biya su da cuku. Hukunci mafi tsanani shi ne a daina amsa gayyar mutum. Ba kurkuku ba bulala, amma ingiricinsa zai jiƙe a fili yana kallo.

Tsaronsu na ƙanana ne. Shingen ƙaya mai rai da ake lanƙwasawa ana saƙawa duk hunturu, burtali ƙunci da doki ba ya juyawa a ciki, dinya masu ihu in sun ga baƙo, majajjawa a hannun kowane yaro tun yana korar tsuntsaye a gona, da ramukan da suka haɗa gida da gida ta baya. Sauran kuma siyasa ce. Suna biyan wani sarkin dogaye haraji, suna sa shi ya saba da zumarsu har ya ga zamansu ya fi masa riba.

A bakin gari ka gina zaure ɗaya mai dogon rufi inda ake saukar da dogaye a yi ciniki. Baƙo ba ya wuce nan, ba don ƙiyayya ba, ƙofofin ne ba sa ɗaukarsa. A zauren ka ajiye mudu biyu, nasu da na baƙi, ka bar gardamar da wanne za a auna ta zauna har abada.

Mataki na takwas: bakinsu

Da Hausa kake rubutu, don haka da Hausa za su gaisa, amma abin da suke tambaya nasu ne: ina laima, yaya rumbu, an ci kuwa? Sunaye ka ɗebo daga tsirrai da sassan tudu da sana'a, ka guji irin su Musa da Jon. Zaginsu ya shafi rowa da ƙazantar kwata da barin shinge a buɗe. Mutum ba ya kiran babba da sunansa, kuma da yake kowa dangin kowa ne, baƙar magana takan zo a naɗe cikin tambayar lafiya.

Mataki na tara: girgiza su

Ƙauyen da aka gina da kyau sai an matsa shi ake sanin ƙarfinsa. Tarihi ya ba ka masifu uku da suka dace. Daga 1315 zuwa 1317 ruwa ya yi ta zuba a arewacin Turai, amfanin gona ya ruɓe shekara bayan shekara, aka yi yunwar da ta kashe ɗimbin jama'a. A 1845 cutar dankali ta shiga Ailan, inda talakawa suka dogara da amfani guda, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira. Tsakanin 1750 da 1850 kuma majalisar Ingila ta yi ta zartar da dokokin killace filaye, makiyayar da kowa ke kiwo a ciki ta koma mallakar masu hali, mai saniya ɗaya ya rasa inda zai kai ta.

Ɗauki ɗaya, ka sauko da ita kan taswirarka, ka bi gida-gida. A ce ruwa ne shekara ta biyu a jere. Gidajen ƙasan tudu sun cika da ruwa, mutanensu sun hau sama neman wurin kwana a wajen waɗanda ke raina su. Mai niƙa yana da hatsin da bai faɗa ba. Wani matafiyi ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare, kuma dokar ciyar da baƙo tana nan ba a soke ta ba. Tara dattawa a zauren baƙi, tunda shi kaɗai zai ɗauki kowa, ka sa su yanke shawara ko za a buɗe rumbun gari a ci irin shuka. Rubuta wannan zama shafi uku kafin ka taɓa babin farko, ko da ba zai shiga littafin ba, ka lura da wanda ya fara magana, da wanda ya yi shiru, da gidan da aka ce shi zai tura ɗa ƙasar dogaye neman iri.